Giyar Hannu da Otomatik: Matsayin Wahala a Koyon Sana'a

Motocin da ke bin hanyoyin ƙasar Gaya da Ajingi iri biyu ne ta fuskar giya. Akwai mai giyar hannu, wadda direbobi ke kira manuwal, akwai kuma otomatik, mai canza wa kanta giya. Ta farko abin takawa uku gare ta a ƙarƙashin sitiyari: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Ta biyu birki da totur kawai take da su, ƙafar hagu ba ta da aiki a cikinta. A Kademi, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gaya, saurayin da ya so koyon tuƙi yakan tarar manyan direbobi sun riga sun yanke masa hukunci: wanda bai iya manuwal ba bai iya mota ba. Wasu ma sukan kira otomatik motar ragwaye.

A cikin wannan hukunci akwai magana biyu da suka cakuɗe. Ɗaya ta sana'a ce, wato wace mota ce za ta ciyar da mutum a wannan yanki. Ɗayar kuwa ta girmi mota nesa ba kusa ba, malaman fiƙihu da masu nazarin ɗabi'a sun daɗe suna tattauna ta: shin wahalar da aka sha wajen koyon abu tana da wata daraja a karan kanta, har a ce wanda ya bi hanya mai sauƙi ya ragu a wajen Allah ko a wajen mutane?

Kafin a je ga amsa, sai an san inda wahalar take. Injin mota yana aiki ne matuƙar yana juyawa. Da zarar juyinsa ya yi ƙasa sosai sai ya mutu. Tayoyi kuwa daga tsaye suke farawa, ɗauke da nauyin mota da na lodi. Giya ce ke sasanta su: lamba ɗaya tana ba da ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan, manyan lambobi suna ba da gudu da ƙarancin ƙarfi. Kuloci faifai ne da ke tsakanin inji da giyabos. In an taka shi sai ya raba su, a sami damar canza lamba. In an sake shi sai ya haɗa su. Duk wuyar manuwal tana wajen sakin nan. Akwai wani ɗan taƙi da faifan ke fara kamawa, inda ƙarar inji kan ɗan sauya, gaban mota ya ɗan ɗaga. Wanda ya saki ƙafa da gaggawa a nan, motar za ta yi tsalle ta mutu. Wanda ya riƙe da yawa yana ba ta wuta zai ƙone faifan, har a ji ƙauri. Babu malamin da zai iya gaya wa ɗalibi wurin da baki, domin kowace mota da nata, kuma yana matsawa gwargwadon cinyewar faifan. Ƙafa ce ke gano shi bayan an kashe mota sau da yawa a gaban jama'a.

Otomatik ta ɗauke wannan aiki gaba ɗaya. A irin wadda aka fi sani, man giya ne ke isar da ƙarfin inji ta cikin wata na'ura mai fukafukai, motar kuma ta zaɓi lambar da ta dace da gudu da nauyin totur. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da ita ga jama'a da yawa, a motocin Oldsmobile samfurin 1940, da sunan Hydra-Matic. Amurkawa suka karɓe ta hannu bibbiyu, har ta kai sababbin motoci masu giyar hannu da ake sayarwa can yanzu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Turai ta daɗe tana riƙe da manuwal saboda tsadar mai da ƙananan injuna. Wannan rabuwa ta ƙasashen waje ita ake gani a kan titin Kano zuwa Wudil da Gaya. Camry da Accord da aka yi amfani da su a Amurka galibinsu otomatik ne, kuma suna hannun ma'aikata da 'yan kasuwa. Golf da Sharon da Peugeot 406 da suka fito daga Turai, da yawa ta tashar Kwatano, galibinsu manuwal ne, su ne kuma ke tasha suna jiran fasinja. Kafin su, Peugeot 504 da masana'antar Kaduna ta fara haɗawa a 1975 da akori-kurarta su suka horar da direbobin da yau ake kira manya.

Ta fuskar neman abinci, to, hujjar manya tana da ƙarfi. Motar haya, da Kanta mai kwasar gero da gyaɗa da riɗi daga ƙauyuka, da motar shanu mai zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, da tarakta, kusan duk da hannu ake canza musu giya. Da an sauka daga kwalta sai rairayi da rani, taɓo da damina, inda direba ke bukatar ya riƙe lamba biyu da gangan, ko ya riƙa jijjiga mota gaba da baya har ta fita. In batir ya yi sanyi, samari huɗu sun isa su tura manuwal ta tashi. Otomatik kuwa ba ta tashi da turi. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: yawancin samarin karkara ba baƙin kuloci ba ne, sun san shi tun a kan babur, inda yake a hannun hagu, giya kuma a ƙafa. Mai hawa Boxer ko mai jan A Daidaita Sahu ya riga ya san yadda inji ke kuka in yana neman a ƙara masa lamba. Abin da ya rage masa shi ne ya mayar da sanin daga hannu zuwa ƙafa.

Hanyar koyo ta gargajiya ita ce zaman karen mota. Uba ya kai ɗansa wajen direban da ya yarda da shi, ya damƙa masa amana. Yaro ya fara da wanke mota da ɗaure kaya da sa dutse a bayan taya in an tsaya a gangare. Daga baya a bar shi ya duba ruwa da baƙin mai, ya tayar da inji da asuba. Sai an ga hankalinsa sannan a ce ya gyara tsayuwar mota a tasha, ya yi ribas, har wata rana maigida ya koma gefe ya miƙa masa sitiyari a hanyar da babu kowa. Abin kan ɗauki shekaru. A tsawon lokacin yaron yana zaune yana kallon hannun ubangidansa da ƙafarsa, yana haddace ramuka da kwanoni, yana ganin yadda ake bi da fasinja mai faɗa da jami'in da ya tare hanya.

Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ba wa irin wannan sani suna: malaka, wato iyawar da ke zama a jiki ta hanyar maimaita aiki har ya bi jini. A ganinsa sana'a da gani da taɓawa ake ɗaukarta, kuma gwanintar ɗalibi tana bin gwanintar wanda ya koya masa. Mutanen Gaya ba sa bukatar a fassara musu wannan. Labarin da aka gada ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama, suka zama cikin mazauna Kano na farko. A maƙera har yau yaro da zuga yake farawa, ya daɗe yana kallon launin ƙarfe a wuta kafin a ba shi masaba. Tashar mota tsarin maƙera ta ara, ta sauya kayan aiki kawai.

Daga nan ne maganar ke shiga addini. Masu fifita hanya mai wuya sukan ce sai an sha wuya akan sha daɗi, wasu kuma su kawo hadisi. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa a Hajjin Bankwana, da aka tura Nana A'isha (RA) Tan'im don ta ɗauko haramar umara, Annabi (SAW) ya sanar da ita cewa ladanta zai zo gwargwadon gajiyarta ko abin da ta kashe. Haka kuma da Banu Salima suka so su taso daga unguwarsu mai nisa su dawo kusa da masallaci, ya umarce su su zauna a gidajensu, domin ana rubuta musu takunsu. Wanda ya tsaya a kan waɗannan biyu zai iya fahimtar cewa duk abin da ya fi wuya ya fi lada.

Sai dai a littattafan nan guda akwai wasu ruwayoyi da ke ja ta ɗaya ɓangaren. Annabi (SAW) ya ga wani dattijo yana tafiya da ƙyar, 'ya'yansa biyu suna tallafe da shi, aka ce ya yi bakance ne zai je Ka'aba a ƙasa. Sai ya nuna cewa Allah ba Ya bukatar mutumin ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Wani mai suna Abu Isra'ila ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba magana, yana azumi. Aka ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Nana A'isha ɗin nan dai ita ta ba da labarin cewa in aka ba Annabi zaɓi tsakanin abu biyu, mafi sauƙi yake ɗauka matuƙar ba saɓo ba ne. Aya ta 185 a Suratul Baƙara, a tsakiyar hukuncin azumi, ta bayyana cewa sauƙi Allah ke nufi da bayinsa.

Malamin da ya fi warware wannan kulli shi ne Abu Ishaƙ Shaɗibi, Bamalike mutumin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu a 1388. A littafinsa Muwafaƙat ya bambanta nufin aiki da nufin wahala. Mutum yana iya nufin aiki mai girma duk da ya san akwai wahala a cikinsa, kuma za a ba shi lada a kan abin da ya jure. Abin da ba shi da dama shi ne ya nufi wahalar kanta don a ƙara masa lada, domin Shari'a ba ta ɗora wahala don ita kanta ba, wanda ya nufe ta ya saɓa wa nufin Mai Shari'a. Abu Isra'ila shi ne misali mafi bayyana: azumi ibada ce, an bar masa shi da yunwarsa da ƙishirwarsa, tsayuwa a rana ba ta ƙara wa azumin komai ba, aka cire ta.

Tuƙi sana'a ce, ba ibada ce tsantsa ba, amma ma'aunin Shaɗibi ya hau kansa daidai. Wahalar gano inda kuloci ke kamawa tana cikin aikin, ga duk wanda zai ja motar da ke da kuloci. Wanda ya jure ta don ya ci halal ya ciyar da iyali, ana fatan ladansa. Amma malamin makaranta da ya sayi Corolla otomatik don zuwa aiki Gaya, babu nassi ko hankalin da ya wajabta masa ya fara shan wuyar manuwal kafin a kira shi mai iya mota. Wannan ma'auni yana kuma tona wani abu da ake ɓoyewa a bayan kalmar horo. Cikin shekarun da karen mota ke yi, wasu na koyo ne, wasu kuwa bauta ce kawai: maigida ya jinkirta miƙa sitiyari saboda yana cin moriyar yaron da ba ya biya, ko ya riƙa zaginsa da dukansa da sunan haka aka yi mana. Wannan tsayuwar rana ce, kuma ta fi ta Abu Isra'ila muni, tunda wani ne ya ɗora wa wani, bayan an ba shi yaron amana.

Akwai kuma mutanen da otomatik ta zame wa rahama a fili. Jihar Kano ta daɗe tana fama da cutar shan inna kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a 2020, ta kuma bar mutane masu yawa da ƙafa ɗaya mai rauni. Wanda ƙafarsa ta hagu ba ta taka kuloci yana iya jan otomatik lafiya lau. Haka dattijo mai ciwon gwiwa, da mai shiga cunkoson birni kullum yana taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ya kai Mariri, a bakin birnin Kano. Kiran motar waɗannan mutane ta ragwaye zalunci ne na baki.

Duk da haka, ba daidai ba ne a watsar da maganar manya kacokan, domin sun hango gaskiya ko da sun kira ta da sunan da ba nata ba. Abin da manuwal ke yi wa mai koyo shi ne ta hana shi hawa titi da wuri. Kafin ya iya tashi da mota ba ta mutu ba, ya riga ya yi makonni a fili, ya saba da faɗin motar da nisan birkinta. Tana kuma tilasta masa ya duba gaba, tunda dole ya rage lamba kafin kwana ko rami, hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu duk suna da aiki. Otomatik kuwa yaro yana iya motsa ta a yini ɗaya, ya ɗauka ya iya, alhali motsa mota ƙaramin yanki ne na tuƙi. Babban yankin shi ne karanta hanya: garken shanun da ke shirin tsallakawa, amalanken da ba shi da fitila bayan magariba, ɗan makarantar da zai fito a guje daga bayan motar da ta tsaya, da sanin lokacin da bai kamata a wuce tirela ba. Hannun da giya ta sake shi, sau da yawa waya yake ɗauka. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Ingila, Lisanne Bainbridge, ta yi rubutu a 1983 kan masana'antun da injuna ke gudanar da kansu, inda ta nuna cewa na'ura takan ɗauke sassauƙan ɓangaren aiki ta bar wa mutum mawuyacin, bayan ta rage masa damar gogewa. Haka abin yake a mota. Haƙuri da lura da manuwal ke koyarwa a fakaice, mai koyo da otomatik sai an koya masa su da gangan.

A nan fiƙihu ya fi damuwa, domin tambayarsa ga direba ba ta irin giya ba ce, ta lamuni ce. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora alhakin abin da dabba ta taka a kan mai hawanta ko mai janta ko mai kora ta. Malaman zamani sun yi ƙiyasin mota a kan wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo sai in abin ya fi ƙarfinsa bayan ya yi iya kiyayewarsa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta sa diyya da kaffara a kisan kuskure, kaffarar da a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa sauke diyya daga kan mai sakaci ba.

Saboda haka abin da ke wajaba a kan kowane mai tuƙi shi ne ƙwarewa a kan ainihin motar da ya hau. Wannan ya shafi ɓangarorin biyu. Wanda ya koya da otomatik ya karɓi manuwal cike da fasinja ya ci amana. Shi ma tsohon direban manuwal, ranar da ya fara hawa otomatik, ƙafarsa ta hagu takan nemi kuloci ta faɗa wa birki da ƙarfi, ko ya manta cewa motar tana tafiya da kanta da zarar an ɗaga ƙafa. Girman kai ne kan hana shi tambaya. A Birtaniya doka ta kula da rabin wannan matsala: wanda ya ci jarrabawa da otomatik, lasisinsa bai ba shi izinin jan manuwal ba. A Najeriya azuzuwan lasisi sun bi nau'in abin hawa da nauyinsa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shardanta shekara 18 da halartar makarantar tuƙi da ta amince da ita kafin a ba sabon direba lasisi, amma katin ba ya shaidar wace giya mutum ya iya. Sanin hakan ya rage tsakaninsa da Ubangijinsa da mai motar da ya ba shi makulli.

Saura hukuncin gari, wanda ya bambanta da na mutum ɗaya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa sana'o'i irin su noma da saƙa cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u: in wasu sun tsaya da su an sauke wa kowa, in duka suka bari duka sun yi laifi. Tuƙin manuwal a gari irin Kademi ya shiga wannan babi muddin motocin da ke kai amfanin gona kasuwa da masu kai mara lafiya asibiti cikin dare masu kuloci ne. Bai zama dole kowa ya iya ba, amma unguwar da mace ke naƙuda, ga mota a ƙofar gida, a rasa mai tayar da ita, ta gaza a wani abu da ke kanta.

Wajibin kifaya kuma yana sauyawa tare da bukata. Faifan kuloci abu ne da bakaniken gefen hanya ke canzawa a yini guda, kayansa kuma suna nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Giyabos ɗin otomatik in ya lalace, sau da yawa sai an kai motar Kano wajen mai na'urar kwamfuta da ke karanta cutarta, ko a sayo wani gaba ɗaya. Wannan ne ya sa wasu masu motocin haya ke cire shi su sa na hannu. Amma kamfanonin ƙera motoci suna ta rage yin manuwal, sababbin otomatik sun daina shan mai fiye da ita kamar na da, motocin lantarki kuwa yawancinsu ba su da lambobin da za a canza sam. Motocin da ake ƙerawa yau a Turai da Japan da Sin su ne za su iso tashoshin Wudil da Gaya a matsayin na hannu nan da wasu shekaru. A lokacin, gibin da za a ji a yankin zai koma gareji: yaran da suka san wayoyin mota da man giya da karatun na'ura, waɗanda a yanzu sai an je birni ake samunsu.